Guɗar Lasifikar Baya

Ku da kuke ta aiko mini saƙo kuna cewa, "Hajiya Rahamatu, ki daina kewaye-kewaye ki faɗa mana abin da kika yi wa mahaifiyarki," to ku gyara zama, yau zan faɗa. Mai son zagina ya yi haƙuri ya kai ƙarshe tukuna, ni ma na daɗe ina zagin kaina.

Ga wadda yau ta fara shigowa: shekarar 1976 ce, ina da shekara ashirin, sabuwar malamar firamare a Kazaure, ina zaune gidan ƙanen mahaifina, Baffa Sama'ilu. Mahaifina ya rasu tun ina makaranta, Innata Dela kuwa tana Roni a gidan da ya bar mata. Wanda nake so sunansa Zarami, ma'aikacin ofishin gona, ɗan gidan Baba Kura, Barebarin nan masu fataucin shanu da tarin littattafai. An sa rana, saura kwana tara a kai lefe Roni.

Gidan Baba Kura ba sa aure sai sun tona asalin yarinya har saiwa. Sun taɓa fasa auren yayan Zarami, ana saura mako biyu, don kawai an gano kakan yarinyar ya taɓa rataya kalangu. Jin kiɗa kam suna ji, har kari suke yi wa makaɗa. Haɗa jini da su ne ba sa yi. Shi ya sa kullum in na durƙusa gaishe da Baffa sai ya ɗaga mini yatsa.

"Rahamatu, gidan nan da kika samu ba wayonki ba ne, sunan ubanki ne. Ki riƙe shi da hannu biyu. Kada in ji ko tari."

"To, Baffa."

Shi kuwa Zaramin, Allah sarki. Dogo ne, ga tarin suma, ga wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa yana share titi. Lokacin da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya ruɗa gari, abokansa suka sayi babura, shi ya tafi Kano ya dawo da garmaho, lasifika har huɗu, ɗan injin wuta, da wani baƙin akwati da yake kira dikoda. Samarin mutane in sun zo zance su yabi ido su yabi wushirya, nawa sai ya zauna yana yi mini bayanin allura.

"Malama, kin ga faifan sitiriyo, don lasifika biyu aka yi shi, dama da hagu. Amma ranar da aka ɗauki kiɗan, akwai sautin da ya daki bango ya dawo, akwai na mutanen da ke nesa da makirufo. Duk yana cikin faifan, a danne. Dikodar nan ita ke tsamo shi ta tura wa lasifikun baya biyu. Sai ki ji kamar kina tsakiyar ɗakin."

"Kowane faifai?"

"Ina! Wani in na sa, baya sai shuuu kawai. Wani kuma sai ya buɗe kamar an cire rufin ɗaki. Cikin arba'in ɗin da nake da su, bakwai ne suka buɗe. Na ɗiga musu jan biro a kusurwa."

Har wasiƙunsa haka suke. Akwai wadda ya ba ni a ƙofar makaranta, har yau tana cikin adakata: "Malama, ranar Lahadi na gwada sababbin faya-fayi shida. Ɗaya ne ya buɗe. Da ya buɗe ke na tuna." Ku yi dariya in kuna so, ni dai a lokacin na karanta ta ya fi sau ashirin.

Ranar wata Laraba da la'asar na je gidansu barka. Ƙanwarsa Fanna ƙawata ce tun makaranta, ta haihu ta dawo gida wanka, ba don haka ba me zai kai ni gidan surukai? Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na ja gyale har goshi, niyyata in ga jariri in sulale. Sai na ji murya daga falo.

"Ku kawo mini amaryar nan, ta zauna a kujerar tsakiya."

Ya Kura ce, yayar Baba Kura, wadda ta goyi Zarami bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ita ce mai tona asali, ita ce kuma za ta jagoranci kai lefe. Tana naɗe cikin lafaya ruwan ƙasa, ƙamshin humrarta ya cika falon, hannunta ya sha lalle. Na durƙusa na gaishe ta, ta kamo hannuna ta zaunar da ni a wata kujera da aka ajiye a tsakiyar falon, lasifika biyu a gabana, biyu a bayana, kowace an rufa mata ɗan ƙyalle saƙar hannu.

"Zarami, sa mata nawa."

Ya ciro wani faifai mai ɗigon ja. Na wata mawaƙiyar amada ce, Abu Mai Ƙwarya. Ya goge shi da audugarsa, ya saukar da allura a hankali.

"Ki fara ji da biyu tukuna," in ji shi.

Na ji. Muryar Abu a gaba, ƙwarya na tashi, 'yan amshi can ƙasa-ƙasa kamar a gidan maƙwabta. Ba wani abin a zo a gani. Sai ya danna wani maɓalli a jikin baƙin akwatin.

Jama'a, falon ya buɗe. Na ji tafin mata ta damana, na ji wata ta yi tari ta haguna, na ji 'yan amshi sun taso sun tsaya a bayana. Sannan, daidai bayan kunnena na hagu, wata ta rangaɗa guɗa. Ta hau sama siririya, ta karye sau uku a tsakiya kamar mai shaƙuwa, ta sauko ta ƙare da wani ɗan kauri a maƙogwaro.

Na waiwaya da sauri har gyalena ya zame. Bango ne kawai, da lasifika da ƙyallenta.

Ya Kura ta tuntsire da dariya tana tafa hannu. "Kowa sai ya waiwaya! Ni fa ba Abu nake zuwa ji ba, wannan ta bayan nake zuwa ji. Duk Juma'a sai na sa ya sa mini. Matar nan ko a tsakiyar kasuwa ta yi guɗa, ido rufe zan kamo ta."

Ni kuwa na san mai guɗar. Guɗar nan da ita aka yaye ni. Duk Roni, ba a kai amarya ba a raɗa suna sai an aika a kira Innata, saboda wannan karyewar sau uku da babu mai iya ta sai ita.

Na karɓi kwalin faifan kamar mai kallon hoto. Babu sunan 'yan amshi, amma ga shi a rubuce ƙanana: an ɗauka a Kano, 1973. Shekarar fari. Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, shanun Fulani suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, Baffa ya ce a cire ni daga makaranta don babu abin riƙe ni. Shekarar da Inna ta tafi Kano wata huɗu "jinyar yayarta", ta dawo da buhun hatsi, da sababbin kayan makarantata, da dusasshiyar murya. Ni ban taɓa tambaya ba. Na ci, na sa, na koma aji.

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Zarami ya rako ni zaure yana ta murna.

"Kin ji yadda ya buɗe? Cikin bakwai ɗin nan shi ne sarki."

"Malam, ka ba ni shi."

"Faifan? Ai ba ki da abin sawa."

"Ni dai ka ba ni. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya dube ni, ya koma ciki ya ɗauko, ya miƙo mini da hannu biyu. "Ya Kura za ta cinye ni ɗanye ranar Juma'a. Amma tunda ke ce."

Niyyata in hau dutsen bayan unguwarmu in farfasa shi. Har na hau, har na ɗaga shi sama. Sai hankalina ya dawo: in na fasa faifai, kunnen Ya Kura fa? Shi ma fasawa zan yi? Ranar lefe za ta zauna a tsakar gidanmu, a buɗe fantimoti, Inna ta buɗe baki, shi ke nan. Na san wata za ta ce ai uwa ba ta guɗa a hidimar 'yarta. Wannan kunyar ɗan fari ce. Ni auta ce, kuma tun ina ƙarama Inna take cewa duk guɗar da take yi wa 'ya'yan mutane gwaji ne, ta gaskiyar tana ajiye sai ranar Auta.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. A aji na rubuta lissafi a allo na tsaya ina kallonsa har yara suka fara dariya. Na yi tunanin faɗa wa Zarami, sai na tuna yayansa ma kuka ya yi, kukan bai hana a fasa ba. Na yi tunanin Baffa, na ga yatsan nan nasa. Ranar Asabar da safe na cusa faifan cikin kayana na hau akori-kura zuwa Roni.

Na tarar da Inna a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, zaninta ɗaure a ƙirji. Ta ga ni ta washe baki.

"Auta! Amarya da kanta? Ai sai jibi na sa ranki. Zo ki ji, jiya na gwada muryata a bayan gida, har kajin maƙwabta suka watse."

Na zauna na jawo ƙwaryar gyaɗar gabana, na kasa ɓare ko ɗaya. Na ciro faifan na ajiye a kan tabarma. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san fuskar Abu. Hannunta ya tsaya cak.

"Ina kika samo wannan?"

Na faɗa mata duka, da kujerar tsakiya, da lasifikun baya, da maganar Ya Kura. Ta daɗe tana kallon kwalin ba ta taɓa shi ba.

"Amma ai a baya na tsaya," ta ce a hankali. "Na roƙe su. Na ce su sa ni can ƙarshen ɗaki, jikin bango, nesa da ƙarfen nan da ake waƙa a bakinsa. Mai ɗaukar ya rantse mini ba wanda zai tsince ni. Guɗar ma ba na yi niyya ba, kiɗan ne ya yi daɗi ta suɓuce mini."

"Inna, na'urar tasa na bayan take fitowa da su."

"Ikon Allah." Sai ta ɗago, kuma wallahi abin da na gani a idonta ba tsoro ba ne. "Ana ji na sosai? Ta fita da kyau?"

Wata 'yar kirki da a nan za ta rungume ta. Ni ban amsa tambayar ba ma. Na durƙusa na kama ƙafafunta.

"Inna, don girman Allah, kada ki yi guɗa ranar lefe. Da ranar ɗaurin aure. Da ranar kai ni. Ki ce ba ki da lafiya."

"Da ranar sunan 'ya'yanki," ta ƙarasa mini.

Na sunkuyar da kai. Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta ɓare, ta jefa ƙwayar cikin ɓawo, ɓawon cikin ƙwaya, ba ta ma lura ba.

"Kina son yaron nan?"

"Ina son sa, Inna."

"To tashi ki wanke fuskarki. Maƙogwarona yana ciwo tun yau."

Kun ji abin da na yi. Matar da ta je ta tsaya jikin bango a garin da ba ta san kowa ba don kada a cire ni daga aji, na je har gida na roƙe ta ta haɗiye muryarta. Kuma da ta amsa, daɗi na ji. Wannan jin daɗin shi ne abin da ban yafe wa kaina ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci motar 'yan lefe ta tsaya a ƙofar gida. Ni ina ɗakin Inna, zaune a kan gadon ƙarfe, faifan a ƙarƙashin katifa, ina leƙe ta gefen labule. Tsakar gida ta cika da matan unguwa. Aka shimfiɗa sababbin tabarmi, aka jera fantimoti uku da kwalla biyu. Ya Kura ta zauna a gabansu cikin farar lafaya mai bakin zinariya, ta ba ƙofar ɗakin da nake ciki baya. Inna kuwa ta naɗe wuyanta da wani tsohon ɗankwali, tana ta kai da kawowa da ƙoren fura.

Aka buɗe fantimoti na farko. Leshi ne a sama, ruwan madara. Mata suka ce "Masha Allah," sannan kowa ya yi shiru ya juya wajen Inna. Duk wanda ya san Roni ya san wannan shirun na waye.

"Dela, muna jira fa!" in ji Shatu maƙwabciyarmu. "Yau ce ranar da kike ta yi mana alkawari."

Inna ta nuna wuyanta, ta yi magana da wata shaƙaƙƙiyar murya da ta ƙirƙira. "Mura ce ta kama ni. Ke yi mana."

Shatu ta yi. Allah ya ba ta lada, amma kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mata suka yi dariya, Ya Kura ma ta murmusa tana ɗaga turamen atamfa ɗaya bayan ɗaya.

"Ai guɗa ta ƙare a wajen wata mata da ke cikin faifan ɗana," ta ce. "Ban taɓa jin irinta ba. Sai dai irin waɗannan, Allah ya ba su murya ya hana su mutunci. Yawon gari-gari, tsayawa gaban maza. Ni 'ya'yansu nake tausayi, wane gidan kirki ne zai ɗauka?"

Ta faɗi haka ne daidai lokacin da Inna ta durƙusa a gefenta tana miƙa mata ludayi. Na ga hannun Inna. Bai yi rawa ba. Har cewa ta yi, da wannan muryar ta ƙarya, "Gaskiya ne, Hajiya. A sha fura."

Wannan "gaskiya ne" ita ta tashe ni daga kan gado. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Amarya ba ta fitowa ranar lefe, amma na yaye labule na fito, ba gyale, ba takalmi. Mata suka hau salati. Inna ta miƙe ta tare ni a bayan Ya Kura, tana zare mini ido, tana raɗa, "Koma ciki. Auta, koma ciki, an kusa gamawa."

Na sa hannu na kwance ɗankwalin da ke wuyanta. Ƙullin ya ƙi, sai da na ja da ƙarfi.

"Inna, lafiyarki ƙalau. Ki yi mini guɗata."

"Kin san abin da kike cewa?"

"Na sani. Kuma tambayar da kika yi mini ran nan, ta fita da kyau, Inna. Duk faifan babu kamarki."

Ta dube ni har idonta ya cika. Sannan ta kama hancinta da yatsu biyu, ta ɗaga kai sama.

Ban taɓa jin ta yi irin ta ranar ba. Ta hau, ta hau, har na ce numfashinta zai ɗauke, ta karye sau uku, ta sauko da kaurin nan nata. Tantabarun kan rumbu suka tashi.

Ya Kura ba ta waiwaya ba. Daga bayan kunnenta na hagu abin ya zo mata, yadda ta saba. Na ga ta lumshe ido, na ga kanta ya ɗan kwanta gefe kamar tana kujerar tsakiya. Sai da guɗar ta mutu sannan ta buɗe idon, ta ajiye ludayin cikin ƙwarya. Ta ninke leshin ta mayar, ta jawo murfin fantimotin ta rufe, ta danna makullansa biyu. Ƙarar ƙaras-ƙaras ɗin nan har yau ina jin ta.

"Ku ɗauko kayan," ta ce wa matan da suka rako ta. "Akwai maganar da sai maza sun zauna."

Aka fita da fantimoti ɗaya bayan ɗaya ta gabana, ina tsaye ƙafa ba takalmi, ina ganin Zarami yana fita daga rayuwata a kan kawunan mata. Zuciyata kamar ta tsage, amma karo na farko cikin kwana tara na ja numfashi ya kai ƙasa.

Ya Kura ce ta ƙarshe. Da ta kai bakin zaure sai ta tsaya, ta juyo, ta dubi Inna tun daga sama har ƙasa. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Baiwar Allah, sake yi mini sau ɗaya."

Inna ta naɗe ɗankwalin a hannunta. "Wannan ta 'yata ce, Hajiya. Taki tana cikin faifai."

Motar ta tashi. Matan unguwa suka zare jiki ɗaya-ɗaya, Shatu ta kwashe ƙoren furar da ba a sha ba. Na zube a kan sabuwar tabarma, a gurbin da fantimoti suka bari, ina kuka kamar raina zai fita, ina tunanin Baffa da yatsansa, ina tunanin wanda zai faɗa wa Zarami. Inna ta zauna kusa da ni, ta jawo kaina kan cinyarta tana shafawa, ba ta ce in yi shiru ba. Can da kukan ya lafa, sai ta sunkuyo.

"Auta, faifan nan yana wurinki har yanzu?"

"Yana ƙarƙashin katifa."

"Ina so in ji. Ko sau ɗaya, kafin in mutu, in zauna a kujerar nan da kika ce, in ji kaina."

Na ɗago na dube ta. Na'urar da ke fito da muryar Innata guda ɗaya ce tak a duk ƙasar Kazaure, kuma tana falon gidan da yanzun nan aka mayar wa da lefena.